A Bari Ta Gama Magana Tukuna

A gidajenmu da yawa, idan 'yar da aka aurar ta shigo da yamma, jaka a hannu, yaro a goye, ido ya kumbura, tambayar farko ita ce "Lafiya?" Tun ba ta gama haɗa amsa ba sai ta ji ta biyu: "Ki yi haƙuri, haka zaman aure yake." Inna ta faɗa tana kawar da kai don kada hawayenta ya zubo. Baba kuwa daga zaure yake aiko da saƙo cewa kada ta kwana masa a gida. Kafin a kira isha'i an tsayar da a-daidaita-sahu, an haɗa ta da ƙaninta ya mayar da ita ɗakinta. Kowa ya kwanta da tunanin ya yi abin da ya dace, an kashe wuta tun tana ƙarama. Amma da za ka tambayi mutanen gidan washegari me ya fito da ita, ba mai iya ba ka amsa, domin ba wanda ya bari ta faɗa.

Ni ba na faɗa da haƙuri. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san shi ne ya riƙe gidaje masu yawa da da sun watse, kuma Allah da kansa ya ce yana tare da masu haƙuri. Abin da nake ƙi shi ne gaggawar da muke yi wajen miƙa shi. Haƙuri magani ne, haka kakanninmu suka kira shi, amma mai kemis da ya miƙo maka ƙwaya tun ba ka faɗi inda ke maka ciwo ba, sallamarka yake son yi. Wanda ya zo da kuka yana gane bambancin nan da nan. Yana jin lokacin da aka ce masa ya yi haƙuri don an fahimci nauyin da ke kansa, yana kuma jin lokacin da aka faɗa don ya yi shiru ya bar mutane su huta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke jingina wannan hali da addini, alhali addinin ya zo da kishiyarsa. Akwai sura guda a Alƙur'ani, ta 58, wadda ta fara da labarin matar da ta kai ƙarar mijinta. Khaulatu 'yar Sa'alaba ce, mijinta Ausu ɗan Samit ya yi mata zihari, wato ya ce ta zama masa kamar bayan mahaifiyarsa, irin sakin jahiliyya da ke barin mace a rataye. Ta je wurin Manzon Allah (SAW) tana cewa ya cinye ƙuruciyarta, ta haifa masa 'ya'ya, yanzu da girma ya kama ta haihuwa ta tsaya sai ya yi mata haka. A lokacin babu hukuncin da ya sauka a kan lamarin, don haka bai da wata mafita da zai ba ta. Duk da haka bai kore ta ba, bai ce ta rufa wa kanta asiri ta koma ba. Ta yi ta maimaitawa, tana jayayya, tana kai kukanta ga Allah, yana zaune yana sauraro. Nana A'isha ta ce tana gefen ɗakin amma wasu kalmomin ba ta ji su ba, sai ga aya ta sauka tana cewa lallai Allah ya ji maganar wadda take jayayya da kai game da mijinta. An kuma ruwaito cewa shekaru bayan haka wannan tsohuwa ta tsayar da Sayyadina Umar a kan hanya yana halifa, ta daɗe tana yi masa nasiha, jama'ar da ke tare da shi suna tsaye suna jira. Da wani ya nuna gajiyarsa, Umar ya ce masa wannan ita ce matar da Allah ya ji kukanta daga saman sammai bakwai, shi wane ne da zai ƙi sauraronta.

Muna karanta wannan sura a tafsirin azumi kowace shekara. Muna kuma jin labarin Utbatu ɗan Rabi'a, wanda Ƙuraishawa suka aika da tayin dukiya da sarauta don Annabi ya bar kiran da yake yi. Magana ce ta raini tun daga farkonta, amma bai katse shi ba har sai da ya kai aya, sannan ya tambaye shi, "Ka gama, ya Abal Walid?" Idan maƙiyi da ya zo da cin fuska ya samu wannan mutunci, ban ga hujjar da uba zai kafa ya hana 'yar cikinsa minti goma ba.

Na san abin da dattawa za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce idan ka ba yarinya fuska yau, gobe ko kallon banza aka yi mata sai ta ɗauko jaka. Za su ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma uwar da ke zama ta ji kowane ƙorafin 'yarta ita ce ke kashe mata aure. Gaskiya ne akwai zuga, akwai ƙawaye da iyayen da kunnensu ya fi bakin maƙiyi ɓarna, domin suna ji ne don su ƙara wa wuta itace. Amma maganin wannan ai sananne ne. Lokacin da Annabi (SAW) ya aika Sayyadina Ali Yaman ya yi alƙalanci, ya gargaɗe shi da kada ya yanke hukunci tsakanin mutum biyu sai ya ji daga na biyun kamar yadda ya ji daga na farko. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce idan an ji tsoron saɓani tsakanin ma'aurata a tayar da mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Duka biyun suna nufin a ƙara yawan sauraro ne. Mu kuwa tsoron jin ɓangare ɗaya ya sa muka zaɓi kada mu ji kowane ɓangare, sannan mu yanke hukuncin da kullum yake faɗawa kan wanda ya fi rauni.

Al'adarmu ta dā ma ba haka take ba. Yaji da biko tsari ne, kowa ya san ƙa'idarsa. Mace ta tafi gidansu, a bar ta ta huce, miji ya turo manyansa ko ya zo da kansa ya durƙusa a zaure, a ji nata, a ji nasa, a yi wa mai laifi faɗa a gaban shaidu, sannan ta koma da mutuncinta. Kuma da yake Bahaushe ya san kunya tana hana 'ya buɗe baki a gaban mahaifinta, ballantana 'yar fari da ko sunanta uwa ba ta kira, sai ya tanadi wasu kunnuwan. Akwai kaka, wadda wasan da ke tsakaninta da jika ya sa ana iya faɗa mata abin da ba ya faɗuwa. Akwai gwaggo, akwai kawu, akwai uwar ɗaki, akwai aminiyar da aka ƙulla ƙawance da ita tun ƙuruciya, akwai taubasai. Duk waɗannan suna cikin gida ɗaya ko unguwa ɗaya. Yau an kai amarya gidan haya a wata sabuwar unguwa a bayan gari, katanga ta yi tsawo, maƙwabciya ko sunanta ba ta sani ba, kakar tana ƙauye, gwaggon tana wata jiha. Mun riƙe kunyar da ke hana magana, mun bar tsarin da ke ba ta mafita ya lalace.

To ina maganar take zuwa? Ai ba ta mutuwa. Duk mai shiga Facebook ko Instagram ya ga irin saƙonnin da ke farawa da "Don Allah a ɓoye sunana." Mace ta zazzage sirrin shekara goma na aurenta a gaban dubban mutanen da ba su san ta ba, wasu su ce ta nemi saki, wasu su zage ta, wasu su yi dariya su wuce. Malamai suna yawan wa'azi a kan wannan tonon asiri, kuma ina tare da su cewa ɓarna ce. Sai dai kafin mu zarge ta, mu tambayi kanmu ƙofa nawa ta ƙwanƙwasa aka ce mata ta yi haƙuri kafin ta kai ga wayar. A watan Janairun 2009 wata ƙungiyar zawarawa ta shirya yin tattaki a titunan Kano don jawo hankali kan yawan saki da halin da ake barin matan da aka saka, Hukumar Hisba ta hana, tana cewa abin kunya ne ga jihar kuma bai dace da addini ba. Shekara uku bayan haka, a 2012, gwamnati ta fara auren zawarawa, da gado da katifa da jari. Ba na raina wannan shiri, ya share hawayen mutane. Amma ina ganin tsarin da aka bi shi ne dai na zauren gidanmu: a samo mafita da sauri, ba tare da an zauna an ji daga bakin matan abin da ya kashe auren farko ba.

A watan Disambar 2024, a wani taro a Jami'ar Bayero, Sarki Muhammadu Sanusi II ya ce binciken da ya yi a kotunan shari'a tara na Kano, na tsawon shekara biyar, ya nuna kashi 45 cikin ɗari na ƙararrakin da suka shafi cutarwa suna da alaƙa da dukan mata da cin zarafi a cikin gida. Mutane sun fi riƙe wani ɓangare na jawabin, inda ya ce yana gaya wa 'ya'yansa mata su rama idan miji ya mare su, aka yi ta cece-ku-ce a kai. Ni adadin ne ya tsaya min a rai. Mace ba ta tashi rana ɗaya ta nufi kotu. Kafin ta tsaya gaban alƙali da karyayyen haƙori, ta je gida sau da yawa da ƙaramin rauni, ko da rauni marar jini, an mayar da ita.

Kada a ɗauka mata kaɗai abin ya shafa. Namiji a wurinmu ma ya fi shiga uku ta wani fannin, domin shi ko yajin ba shi da shi. Tun yana yaro ake ce masa namiji ba ya kuka. Ya girma ya samu majalisa, inda za a kwashe awa uku ana gardamar siyasa da ƙwallo, amma babu wanda zai ce jarinsa ya karye. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin litar fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 har ya haura naira 1,000 a 2024, magidanta da yawa sun koma masu dogon shiru da saurin fushi. Mutum ya dawo gida ya zauna a mota ko a bakin ƙofa ya kasa shiga, saboda ya san tambayar da ke jiransa ita ce ta cefane da kuɗin makaranta. Idan ya yi ƙarfin hali ya fara faɗa wa aboki, sai ya ji "Kai dai bari, ni nawa ya fi naka," hira ta koma kan abokin. Idan ya fara faɗa wa matarsa, sai tsoro ya sa ta katse shi da lissafin abin da ya ƙare a kicin. Ina roƙon mata su ma su san cewa mijin da ya buɗe baki ya ce abubuwa sun yi masa yawa ya yi abin da ya fi masa wuya a duniya, kuma idan aka rufe masa baki a karon farko, da wuya a ga na biyu.

Uzurin da kowa ke bayarwa shi ne lokaci. Muna tsoron idan muka buɗe ƙofa mutum ba zai daina ba. Likitoci ma haka suke tsoro, kuma su an auna nasu. A 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Beckman da Frankel, sun ɗauki muryar ganawar likitoci da marasa lafiya, suka gano cewa a matsakaici daƙiƙa 18 kacal likita ke bari kafin ya katse mai bayani. Daga baya, a 2002, likitoci a birnin Basel na Suwizalan suka gwada akasin haka: aka ce su yi shiru har mara lafiya ya gama da kansa. Matsakaicin lokacin da mutane suka ɗauka daƙiƙa 92 ne, kuma kashi 78 cikin ɗari sun gama cikin minti biyu. Minti biyu ke nan ake gudu. Na yarda damuwar aure ta fi ciwon ciki tsawon bayani, amma abin da na lura da shi a zaman sulhu shi ne wanda aka katse ya fi daɗewa yana magana, domin yana ta komawa farko yana neman inda za a fahimce shi. Wanda aka bari ya kai ƙarshe, sau da yawa da bakinsa yake cewa, "Ni ma dai akwai inda na yi kuskure."

Shi sauraron kansa aiki ne, kuma yana da wuya. Ka ajiye waya, ka kife ta. Ka hana kanka shirya amsa yayin da ake magana. Idan mutum ya yi shiru a tsakiya kada ka yi saurin cike gurbin, domin yawanci abin da ya kawo shi yana bayan wannan shirun. Abin da ya fara faɗa share fage ne, yana gwada ko za a iya ba ka amanar sauran. Ka yi tambayar da ke buɗe magana, irin su "Sai me ya faru?" ko "Tun yaushe kike jin haka?", ka bar irin su "Ke me kika yi masa?" zuwa lokacinsu. Kada ka kawo labarin wance da ta ga abin da ya fi wannan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sanin cewa rufin wani ya fi lalacewa bai taɓa busar da shimfiɗar kowa ba. Bayan duk wannan, idan ka ce a yi haƙuri, kalmar za ta shiga, saboda ta fito daga wanda ya san a kan me ake haƙurin. Wani lokaci kuma abin da za ka ji zai nuna maka cewa ba wurin haƙuri ba ne, wurin ceton rai ne.

Domin akwai masu zuwa da kuka waɗanda ba su da lafiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar da suka haihu tana fama da matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. Mai jego ta ce ba ta iya barci, ba ta jin son jaririn, tana jin kamar ta gudu, sai a ce mata butulci ne ga kyautar Allah, ko a ce iska ce a fara hayaƙi. Ruƙiyya da addu'a suna da muhallinsu, ba na musun haka, amma ba su hana a zauna a ji ta ba, kuma ba su hana a kai ta asibiti ba. Najeriya mai mutum sama da miliyan 200 likitocin ƙwaƙwalwarta ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin wadda aka gada tun 1958. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Barnawa da Kware da Maiduguri ba za su iya ɗaukar kowa ba, kuma mafi yawan masu wannan ciwo ba za su taɓa taka can ba saboda tsoron a kira su mahaukata. Kunnen farko da za su samu, wataƙila kuma na ƙarshe, na cikin gida ne.

A nan ne abin da aka yi a Zimbabwe ya ja hankalina. Ita ma ƙasar tana da ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa. Wani likita mai suna Dixon Chibanda ya fara wani shiri a Harare a 2006, ya ɗauko tsofaffin mata masu aikin lafiya a unguwanni, waɗanda jama'a ke kira kakanni, ya koya musu yadda ake sauraro ba tare da yanke hukunci ba, da yadda ake taimaka wa mutum ya zaɓi matsala ɗaya ya nemo mata mafita da kansa. Aka kafa musu bencin katako a harabar ƙananan asibitoci. A 2016 aka buga sakamakon gwajin da aka yi da mutum 573. Bayan wata shida, cikin waɗanda suka zauna da kakannin kusan kashi 14 cikin ɗari ne suka rage da alamun ciwon damuwa, cikin waɗanda suka samu kulawar da aka saba kuwa kusan rabi ne. Kakannin ba su ba da ƙwaya ba. Waɗanda ciwonsu ya yi tsanani ko suke tunanin kashe kansu ana tura su wurin likita.

Mu da muke da irin waɗannan mata a kowace unguwa ya kamata mu fi kowa gane wannan. Akwai malaman Islamiyyar matan aure, akwai unguwarzoma, akwai matan FOMWAN, ƙungiyar mata Musulmi ta Najeriya, da ke aiki tun 1985, akwai 'yan Hisba mata da tuni suke zaman sulhu kullum. Abin da ya rage shi ne horo, domin mafi yawansu an koya musu yin nasiha ne, ba a koya musu yin shiru ba, kuma sai an koya musu riƙe sirri da gane alamar haɗari. A 2024 jihar Kano ta yi dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, wanda ya nuna gwamnati ta yarda zaman aure lamari ne da ya shafi hukuma. Ina ganin ma'aikatun lafiya da na mata a jihohinmu za su iya ɗaukar ƙananan hukumomi biyu ko uku su gwada: a horar da mata da dattawa maza a kowace mazaɓa, a ba su wuri a asibitin sha-ka-tafi ko gefen makarantar Islamiyya, a biya su alawus ko da kaɗan ne, a haɗa su da ma'aikacin jinya da za su riƙa tura masa masu tsananin ciwo. A wuraren sulhu kuma a mayar da shi ƙa'ida cewa ana jin kowane ɓangare shi kaɗai kafin a haɗa su, kuma mace ta fara ganawa da mace 'yar'uwarta. Kuɗin da ake kashewa a bikin auren gata guda ɗaya zai isa a fara.